Nasiha Ga 'Yan'uwa Masu Shirin Jarrabawar Zama Ƙwararrun Akantoci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wannan nasiha ce zuwa ga 'yan'uwa maza da mata da ke fama da karatun jarrabawar ICAN (cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya) ko ta ACCA (ƙungiyar akantoci ta duniya mai hedikwata a Birtaniya), da waɗanda ke matakin ATSWA (jarrabawar mataimakan akantoci ta Yammacin Afirka), da masu bin hanyar ANAN (wata ƙungiyar akantoci ta Najeriya) ta kwalejinta da ke Kwall a Jihar Filato. Na fi nufin wanda ya zauna wa darasi ɗaya sau biyu ko sau uku bai haye ba, har zuciyarsa ta fara raya masa cewa shi ba irin mutanen da ke cin wannan jarrabawa ba ne. Yawancin masu wannan karatu ba yara ba ne. Ma'aikata ne da ke wuni a ofis, su dawo gida a gajiye, ga iyali, ga kuɗin rajista da na lesin da ake cirewa daga albashin da dama bai isa ba, sannan su buɗe littafi bayan Isha'i idan an yi sa'ar wuta. Wanda ya sha wannan wahala na watanni, sakamako ya fito ya ga 44 ko 47 alhali 50 ake nema, dole ransa ya ɓaci, kuma ɓacin ran nan ba laifi ba ne, ba kuma raunin imani ba ne.

Abin da nake jin tsoro shi ne maganar da ke biyo bayan ɓacin ran. Mutum ya fara cewa ƙwaƙwalwarsa ta tsufa, ko kansa ba ya ja, ko kuwa Allah bai nufe shi da wannan ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, ko da yake akwai alheri a kowannensu. Sai ya ce: ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gaza; idan wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ne ya faru, sai dai ka ce Allah ne Ya ƙaddara, abin da Ya so shi Ya aikata, domin "da na" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki. Ɗan'uwa, dubi yadda hadisin ya ajiye kowane abu a muhallinsa. Ƙaddara ana ambatonta ne a kan abin da ya riga ya wuce, domin zuciya ta huta da cizon yatsa. Abin da ke gaba kuwa, umarnin da aka ba ka a kansa shi ne himma da neman taimako da barin gazawa. Mai karyayyar zuciya yakan juya lamarin: jarrabawar da ta wuce ya yi ta "da na sani" a kanta dare da rana, wadda ke tafe kuma ya jingina ta ga ƙaddara ya ce ba rabonsa ba ne. To wa ya nuna maka abin da aka rubuta maka a zango mai zuwa? Babu wanda ya san gaibu sai Allah, don haka mai cewa ba zai taɓa ci ba ya faɗi abin da ba shi da ilimi a kansa.

Ku da kuke karatun lissafin kuɗi kun fi kowa sanin cewa ba a shigar da adadi a littafi sai da hujja, kuma ƙara girman asara fiye da yadda take kuskure ne kamar yadda ɓoye ta kuskure ne. Ku yi wa kanku wannan adalcin. Maki 45 shaida ce cewa a wannan darasi, a wannan rana, cikin waɗancan sa'o'i, amsoshinka sun gaza da maki biyar. Bai ce komai a kan hankalinka ba, balle darajarka a wurin Allah. Kuma a tsarin waɗannan jarrabawoyi, darasin da mutum ya ci ana riƙe masa shi zuwa wani wa'adi, saboda haka wanda ya zauna wa uku ya ci ɗaya ya matsa gaba, ko da zuciyarsa ba ta ga sai biyun da suka rage.

Bayan zafin ya lafa, sai a zauna a binciki musabbabi da gaskiya. ICAN tana fitar da Pathfinder bayan kowane zango, mai ɗauke da tambayoyi da amsoshinsu da bayanin masu duba takardu a kan inda ɗalibai suka fi tuntuɓe, ACCA ma tana wallafa rahoton masu jarrabawarta. Abin takaici ne mutum ya sake biyan kuɗin rajista bai karanta wannan bayani ba. Sau da yawa matsalar ba rashin sani ba ce. Wani ya ɓata lokaci a kan tambaya guda ya bar wata bai taɓa ba. Wani ya haddace ƙa'idojin IFRS, wato ƙa'idojin duniya na rubuta rahoton kuɗi, waɗanda Najeriya ta fara aiki da su tun 2012, amma bai saba ɗora su a kan labarin kamfanin da aka ba shi a tambaya ba. Wani kuma yana karatun haraji da tsohon littafi, alhali dokokin harajin ƙasar nan sun sha canzawa a 'yan shekarun nan, kamar yadda harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan kaya da hidimomi, ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a 2020. Wani ya ɗauki darussa huɗu a lokaci ɗaya alhali aikin ofis na rufe littattafan ƙarshen wata bai bar masa ƙarfin fiye da biyu ba. Duk waɗannan abubuwa ne masu gyaruwa, kuma gyara su yana cikin riƙo da sababi wanda tawakkali ba ya cika sai da shi, kamar yadda Annabi ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah.

Malaman tarihi sun kawo cewa Sibawaihi ya fara ne da neman hadisi a Basra wurin Hammad ɗan Salama, sai ya yi kuskuren nahawu a gaban jama'a malamin ya gyara masa. Ya ce lallai zai nemi ilimin da ba za a sake kama shi da kuskure a cikinsa ba, ya lizimci Khalil ɗan Ahmad, har ya zama limamin wannan fanni. Kunyar da ya ji ba ta kore shi daga karatu ba, ta nuna masa inda giɓinsa yake.

Sannan ku sabunta niyya, domin wanda ke karatu don haruffan da za a saka bayan sunansa kawai, ko don a daina yi masa gori, zai gaji da wuri. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi, inda Allah Ya yi umarni da marubuci ya rubuta a tsakanin mutane da adalci, kuma kada ya ƙi rubutawa kamar yadda Allah Ya sanar da shi. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar, siffofi biyu ya ambata: shi mai tsarewa ne, masani. Amana da ƙwarewa ke nan a haɗe. Al'ummarmu tana buƙatar akantoci da oditoci, wato masu binciken littattafan kuɗi, masu tsoron Allah a baitulmali, da asibitoci, da hukumomin zakka da waƙafi, da bankuna, da harkokin 'yan kasuwarmu da yawansu ke tafiyar da dukiya mai yawa babu rubutu. Wanda ya nufi toshe wannan kafa da ciyar da iyalinsa halal, ina fata zaman da yake yi a kan littafi yana cikin abin da ake ba shi lada, ko sakamakon ya yi daɗi ko bai yi ba. Wannan niyyar ce kuma za ta hana shi tunanin satar amsa, tun da Manzon Allah ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi, kuma ba a fara aikin riƙon amana da ha'inci.

Idan ka ga abokan karatunka sun saka hotunan bikin rantsar da su a Facebook, ka yi musu addu'ar albarka, ka kuma tuna cewa ba ka san sau nawa suka faɗi ba, domin mutane ba su cika saka wannan ba. Idan kallon yana ƙona maka rai, ka ajiye wayar na wani lokaci. Ka tsara karatu ɗan kaɗan mai ɗorewa, domin aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma awa biyu bayan Asuba kowace rana sun fi kwana uku babu barci ana gab da jarrabawa. Kada karatu ya ci sallar jam'i ko barcin da jiki ke da haƙƙinsa. Ka riƙe addu'ar da Anas ya ruwaito Annabi yana yawaita ta: Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazani, wal ajzi wal kasali. Idan kuwa damuwar ta kai ga hana barci da cin abinci na makonni, ko mutum ya fara jin rayuwa ta ishe shi, to ya gaya wa wanda ya yarda da shi kuma ya ga likita, domin neman magani ba ya karo da addu'a.

Ba na cewa wajibi ne kowa ya ci gaba har abada. Wani zai auna halinsa ya ga ya fi masa ya dakata zango ɗaya, ko ya rage darussa, ko ma ya kama wata hanyar, kuma babu aibi a cikin haka. Sai dai kada a yanke wannan hukunci a ranar da sakamako ya fito. A bari zuciya ta natsu, a yi istihara, a shawarci waɗanda suka bi hanyar.

Ku kuma iyaye da mazaje da mata da shugabannin ofis, ku ji tsoron Allah a kan harsunanku. "Har yanzu ba ka gama ba?" da "wane ya ci tun bara" suna iya karya wanda ya rage masa maki uku ya haye. Miji ya ɗauke wa matarsa wani abu na hidimar gida a makonnin jarrabawa, mata ta kama wa mijinta yara ya samu natsuwa, shugaba ya ba da hutun karatu idan da hali.

Allah Ya buɗe ƙirazanku, Ya sanya albarka a karatunku, Ya ba ku nasara a zango mai zuwa. Amin.