Hutu a Kan Ruwa da Abin da Muke Yi da Namu Ruwan

Ɗan yayana da ke karatu a Ingila ya turo mini bidiyon hutun da suka yi na mako guda a cikin jirgin ruwa, kuma tun da na kalle shi a nan Daura nake ta tunani a kansa. Sun yi tafiyar ne a lokacin zafinsu, wanda ya yi daidai da daminarmu, a cikin wani dogon jirgi siriri da faɗinsa bai kai ƙafa 7 ba, amma akwai gado da kicin da banɗaki a cikinsa. Dokar hanyoyin ruwan da suka bi ba ta yarda a wuce gudun mil 4 a awa ɗaya ba, ke nan mai tafiya da ƙafa a bakin ruwa zai iya jerawa da jirgin suna hira da matuƙinsa.

Da na nuna wa abokan zamana a majalisa, ɗaya daga cikinsu ya ce wannan ai zaman kashe wando ne na masu kuɗi. Ban yarda da shi ba.

Hanyoyin nan da hannu aka haƙa su, kuma don fatauci. Ta Bridgewater, wadda aka buɗe a 1761, an yi ta ne don kai kwal birnin Manchester, dawakai suna tafiya a gefe suna jan jiragen da igiya. A Faransa kuwa akwai Canal du Midi mai tsawon kilomita 240, wadda aka buɗe a 1681. Da jirgin ƙasa ya zo ya ƙwace kasuwar, da yawa daga cikin hanyoyin Ingila sun cushe da laka, sai daga baya masu kishi suka yashe su, suka gyara ƙofofinsu. Ƙofofin nan su suka fi burge ni. Idan hanya ta iso tudu, sai jirgi ya shiga wani ɗakin ruwa mai ƙofa gaba da baya, a rufe, a saki ruwa a hankali har ya ɗaga shi zuwa sama, sannan a buɗe ya wuce. Matafiyan da kansu suke sauka su murɗa ƙarfe su tura ƙofa, kuma wanda ya riga zuwa shi ne ke fara shiga. Ɗan yayan nawa ya ce mini, “Baba, a nan na koyi haƙuri.” Mutumin da ya yini yana jiran ruwa ya cika ɗaki, yana kallon agwagi da gonaki, tare da iyalinsa, ya sami abin da da yawanmu muka rasa, wato natsuwa.

Mu ma muna da ruwa. Ga madatsar Sabke a nan kusa da mu, ga Ajiwa, ga Zobe a Dutsin-ma, ga ta Jibiya. Sai dai yawanci ba ma tunawa da su a matsayin wurin shaƙatawa sai ranar yawon salla, inda za ka ga an cusa yara a kwale-kwale fiye da ƙima, babu rigar kariya ko ɗaya, mai fito yana sauri don ya dawo ya kwashi wasu. Har yau zuciyata tana ƙuna idan na tuna hatsarin Bagwai na jihar Kano a 2021, wanda ya ci rayukan ɗaliban Islamiyya, Allah ya jiƙansu.

Ba na cewa a haƙa mana hanyoyin ruwa irin na Turai, domin yawancin kogunanmu yashi ne da rani. Roƙona ga hukuma da sarakunan ruwa shi ne a ware gaɓa guda a Sabke mai inuwa da wurin salla, a rubuta a jikin kowane kwale-kwale adadin mutanen da zai ɗauka, a tilasta sanya rigar kariya, a hana fita bayan magariba ko in hadari ya haɗo, kuma masuntan yankin da suka san ruwan su ne za su riƙa tuƙi, a biya su haƙƙinsu. Ranar da aka yi haka, in sha Allahu zan kwashi jikokina da tabarma da fura mu yini a can.