Yau kuma ta zama "ɗiyarmu"?

To madalla! Tunda sakamakon bak, jarrabawar gama lise, ya fito, yarinyar nan mai goyo ta ci, kowa a Tawa ya zama baffanta. Har wanda ya tsaya tsakar gida ya rantse mai goyo ba ta zaman aji, shi ne yau ya ɗora hotonta a Facebook, wai "ɗiyarmu ta fidda mu kunya". Alhaji, da wane bakin?

An ɗaura mata aure tana da shekara 16, ta haihu kafin ta kai ajin ƙarshe na lise, miji ya tafi bida Abijan. Wa ya riƙe yaron? Innarta. Ba wani ba, innarta.

Kada wanda ya kawo mini zancen doka. E, tun Disamba 2017 gwamnatin Nijar ta fidda dokar kare karatun ƴa mace, mun ji a rediyo. Amma doka ba ta goyo. Tsohuwar nan ce ke sallar asuba, ta dama furar sayarwa da jika a bayanta. In lokacin shan iska ya yi, ta hau kabu-kabu zuwa ƙofar makaranta, yarinya ta fito da gudu ta ba shi nono gindin bedi, ta goge gaban riga, ta koma aji. Ranar da ya kwana da zazzaɓi, inna ce a layin likita, ita kuwa tana rubuta jarrabawa.

Masu cewa "ai ƙwaƙwalwarta ce", ku saurara. A ƙasar da kusan uku cikin huɗu na ƴan mata ake aurar da su kafin shekara 18, masu ƙwaƙwalwa nawa ke bakin murhu yanzu haka don ba su samu mai karɓar musu yaro na awa biyar ba? Masu kukan tarbiyya kuwa, ba ni da lokacinku yau.

Wallahi in na tuna tsohuwar nan sai idona ya cika. Ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba.

Yanzu baffan ne ke cika baki sai Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wai ta fi suna. Shi zai bi ta Harobanda, unguwar jami'ar, da zanen goyo? Ga Jami'ar Djibo Hamani nan cikin gari, kusa da inna.

Af, wanda ya kwashi kujerun walimar nan har da tabarmar masallaci, don Allah ya maido, mai haya ya ishe mu da kira.