Jiki ba ya zubar da duk abin da ka ɗura masa

Na kalli bidiyon da kuka yi ta turo min, kuma wallahi raina ya ɓaci. Mutum ya tsaya gaban kyamara da kwalba a hannu yana cewa a sha ƙwayar ƙarin sinadaran gina jiki, uku da safe, uku da dare, wai jiki zai ɗebi sinadaran da yake so ya fitar da saura ta fitsari. Ƙarya ce, irin wadda ke kwantar da mutum a asibiti.

Jama'a, waɗannan sinadarai kaɗan ake buƙata. Kaɗan! Sinadarin aidin, wanda ake sa wa gishiri, abin da baligi ke buƙata a rana maikirogiram 150 ne (maikirogiram dubu ne miligiram ɗaya), wanda in ka tara na tsawon rayuwarsa ba zai cika ƙaramin cokali ba. Sinadarin seleniyom maikirogiram 55 ne. Zink miligiram 8 ga mace, 11 ga namiji. Da awo aka halicci jikin nan, to a kan me wani zai ce a sha ba awo?

Ku dubi sinadarin ƙarfe, wanda muke kira ayon. Jiki ba shi da hanyar fitar da rararsa. Taruwa yake yi a hanta da zuciya, yana ɓarna a hankali, mai shi bai sani ba. Zink kuma in aka daɗe ana shansa fiye da kima, yana hana hanji tsotse sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, sai ƙarancin jini ya biyo baya, jijiyoyi su taɓu, ƙafafu su fara mutuwa. Seleniyom in ya yi yawa gashi ke zubewa, farata su karye. A shekarar 2008 a Amurka, mutane kusan 200 suka kamu da gubarsa saboda wani ruwan ƙarin sinadarai da aka zuba wa ninkin ba ninkin abin da aka rubuta a kwalba. Su ma lafiya suka je nema.

Na san za a ce ai daga tsirrai aka haɗa shi. To sai me? Hantarka ba ta tambayar asalin abu. Wani kuma zai ce maƙwabcinsa ya sha ya ji ƙarfi. Jin ƙarfi na mako biyu ba gwajin jini ba ne.

Kuma kada a juya min magana. Ƙarancin waɗannan abubuwa gaskiya ne, yana illa sosai. Rashin aidin na kawo maƙoƙo, yana dakushe ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Mai juna biyu na buƙatar ayon miligiram 27 a rana, don haka 'yar'uwa, in an ba ki ƙwayar ƙarin jini a wajen awo, don Allah ki sha. Yaro mai gudawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba shi zink na kwana 10 zuwa 14. Kun lura? Ko'ina akwai adadi, akwai ranar dainawa. Mai kwalbar nan bai faɗi ko ɗaya ba, domin ranar dainawarka ita ce ranar da cinikinsa ya tsaya.

Af, iyaye mata, tunda na ambaci ƙwayar ƙarin jini: ku daina barinta cikin jaka ko kan tebur. Launinta na jan hankalin yara, suna ɗauka alawa ce, kuma ƙaramin yaro in ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi. In hakan ta faru a garzaya asibiti nan take, ko da yana wasansa kamar ba komai.