Abin da ke bayan shaidar Magnet

Wani labari da na karanta ya ce asibitocin Amurka da suka samu shaidar Magnet saboda ingancin aikin jinya sun fi takwarorinsu ƙarancin mace-macen majinyata. Na yarda da hakan, amma ya kamata a bayyana dalili. Shaidar ta samo asali ne daga wani bincike na 1983 kan asibitoci 41 da ma'aikatan jinya ke rububin shiga kuma ba sa son bari, a lokacin da sauran ke fama da ƙarancin ma'aikata, sannan asibitin Jami'ar Washington ne ya fara samunta a 1994. Ke nan tun farko yanayin aikin nas ake aunawa, wato ko ana sauraron shawararta da kuma irin nauyin da aka ɗora mata.

Binciken da Linda Aiken, wata farfesar aikin jinya a Amurka, ta yi a 2002 ya nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwa cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari ga waɗanda aka yi wa tiyata. Na ga wannan da idona lokacin da nake jinyar mahaifiyata. Nas ɗaya ce a ɗakin mata duk dare, ruwan da aka ɗaura wa Inna ya ƙare, jini ya fara hawa robar, nas ɗin kuma tana can kan wata da numfashinta ya sarƙe. Wallahi ban ga laifinta ba, domin tun magariba ba ta zauna ba.