Jemagen Rodrigues: 20,000 ba su isa a saki jiki ba

A shekarun 1970, jemagun tsibirin Rodrigues ba su kai 100 ba. Yau ana ƙiyasta su kusan 20,000, har IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, ta sauke su mataki ɗaya a 2017 daga sahun dabbobin da ke bakin ƙarewa. Wannan adadin ne ke ruɗar mutane.

In aka cire na gidajen zoo, zuriyar waɗanda Gerald Durrell, Bature mai fafutukar kare namun daji, ya fara kwasa a 1976, duk jinsin wuri ɗaya yake zaune: tsibiri mai murabba'in kilomita 108, kimanin kilomita 560 gabas da Mauritius. Mahaukaciyar guguwa ɗaya takan ratsa shi baki ɗaya. Iska tana fizge jemagu daga rassa, amma babbar ɓarnar sai bayan ta lafa take zuwa. 'Ya'yan tsamiya, ɓaure da mangwaro sun zube, ganye ya kakkaɓe, dabba mai nauyin giram 350 ta kwana tana yawo ba abin ci. Ga shi mace ɗa guda take haifa a shekara, don haka asarar mako ɗaya sai an yi shekaru kafin a mayar.

Shi ya sa kuɗin kare su ya fi cancanta ya tafi ga daji. Dashen itatuwan asali da ƙungiyar kare namun daji ta Mauritian Wildlife Foundation ke yi a gandun dajin Grande Montagne da na Anse Quitor shi ke samar da mafaka a kwari, da itatuwa masu 'ya'ya a lokuta daban-daban. Aiki ne mai gajiyarwa, don sai an yi ta tumɓuke baƙin tsirrai, an kuma katange awaki.

Manomi kuwa yana da gaskiyarsa, jemage na cin mangwaro. Sai dai Mauritius ta gwada bindiga daga 2015 a kan nata jinsin jemagen, aka harbe dubbai, a 2018 jinsin ya koma sahun masu fuskantar ƙarewa, alhali tsuntsaye da iska na ci gaba da zubar da 'ya'yan. Raga ta fi. A sassabe bishiya ta yi gajarta, a kafa sanduna don ragar ta ɗaga daga jikin 'ya'yan, in ba haka ba jemage zai sauka ya ci ta cikin ramukan. A ɗaure bakinta a gindi, a ja ta ta yi tsauri. Siririyar raga mai sako-sako ita ke sarƙe fiffike, da safe a tarar da jemage a rataye ya mutu.