Ku mayar wa yaran nan da darasin adabinsu

Jama'a, hukuncin da makarantar nan ta yanke na soke darasin adabi don a ƙara wa nahawun Turanci lokaci kuskure ne babba, kuma ba zan yi shiru a kansa ba. Kun dai ga takardar da aka raba wa iyaye. Wai yara suna faɗuwa jarabawar Turanci, saboda haka a ɗauke musu littattafan labari su zauna da dokoki. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai. Mara lafiya ya rasa ƙarfi, sai ka janye masa abinci ka ƙara masa magani?

A cikin labari harshe yake zaune. Yaro ya haddace cewa "go" yana komawa "went" idan aikin ya wuce, ya ci gwajin aji, bayan sati biyu ka ba shi wasiƙa ya rubuta, sai ka ga dokar ta gudu. Amma wanda ya yi ta cin karo da "went" shafi bayan shafi, yana ɗokin jin abin da zai sami yarinyar da ke cikin labarin, kalmar ta zauna masa ke nan. Ya ga inda ake sa ta, ya ga kalmomin da ke rakiyarta, ya ga inda waƙafi ke faɗuwa.

Kuma an gwada wannan. Wasu masu bincike, Warwick Elley da Francis Mangubhai, sun kai littattafan labari na Turanci kusan 250 kowane aji a wasu makarantun firamare na ƙauyukan Fiji, ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, suka buga sakamakon a 1983. Cikin wata takwas, yaran da aka cika wa aji da labarai sun ci gaba a fahimtar karatu da sauraro ninki biyu na yadda aka saba gani. Yaran ƙauye ne fa, Turanci ba harshen gidansu ba ne.

Wani zai ce adabi ya yi wa yara tsauri. Wa ya ce a fara musu da Shakespeare? Mutumin ya rasu tun 1616, ko 'ya'yan Turawa sai da sharhi suke gane shi. Tun a shekarun 1920 wani malamin Turanci, Michael West, ya rubuta littattafai masu sauƙin kalmomi don ɗalibai a Bengal ta Indiya, ga ire-irensu nan birjik hawa-hawa. Masana irin su Paul Nation sun nuna cewa sai mai karatu ya san kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin shafi kafin ya karanta shi cikin jin daɗi. To ka zaɓo wa yaro littafi daidai ƙarfinsa. Wani kuma zai ce babu lokaci, jarabawa na tafe. Ai jarabawar ce ke cewa ya karanta ya amsa, ya kuma rubuta insha'i. Da me zai rubuta idan bai taɓa ganin jimla mai kyau ba?

Ni ban ce a jefar da nahawu ba. A koyar da shi daga cikin labarin. Malam ya karanta sakin layi ɗaya da yara, su tsamo aikatau, su mayar da hirar taurari zuwa zancen rahoto, su rubuta wa labarin wani ƙarshe nasu. Littafi ɗaya, malami ɗaya, darasi ɗaya. Wallahi na fi tausaya wa yaron da ba a saya masa littafi a gida, domin ajin nan ne kaɗai inda zai ji daɗin labari da Turanci.

Af, tunda ana maganar, masu kulle ɗakin karatu don kada littattafai su yage, ku ma ina da magana da ku. Wa kuke ajiye wa su? Ku buɗe, ku ba yara aro su tafi da su gida, wanda ya yage a liƙe shi.