An rufe mini tsagar rim da fenti, sannan aka ce na cika mita

Ranar Asabar da ta gabata wani mai gyaran rim, wato ƙarfen ƙafar mota da ake sa wa taya, a yankin Agege ya ci mini mutunci a gaban yaransa, don kawai na koma na nuna masa cewa fentin da ya yi wa ƙafafun motata ya fara ɓarewa tun ba a je ko'ina ba. Sana'ata ita ce ɗaukar baƙi daga filin jirgin saman Murtala Muhammad da ke Ikeja zuwa masaukansu, kuma duk wanda ke wannan harka ya san fasinja yakan ƙare wa mota kallo kafin ya dubi direba. Rim da ya yi dabbare-dabbare yana korar ciniki, shi ya sa na tara kuɗi da ƙyar don a gyara mini su.

Abin da ya sami rim ɗina ba baƙon abu ba ne a Legas. Rim na alminiyam ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma yana da tasa cutar. A jikinsa akwai shafi uku, wato firaima da ke kama ƙarfen, da launin da ido ke gani, da kuma shafi na sama marar launi wanda ke ba da ƙyalli yana kuma tare ruwa. Da zarar gefen kwata ko tsakuwa ya yi wa wannan shafi na sama ƙwarzane, danshi sai ya kutsa ƙarƙashinsa, ƙarfen ya riƙa fitar da farin gari, fentin ya kumbura yana bororo. Ƙurar burki mai zafi tana lafewa a jikinsa, sinadarai masu kaifi da wasu masu wankin mota ke zubawa suna cinye ƙyallin, ga kuma iskar teku mai gishiri da ruwan ambaliya da muke kutsawa kowace damina. Ban da wannan, ƙafar gaba ta hannun dama tana rage iska a hankali, kuma na faɗa wa mai gyaran hakan da bakina tun ranar farko.

Mun yi magana dalla-dalla kafin na biya. Za a cire tayoyi daga rim, a wanke, a ɗora kowanne a kan inji a juya a ga ko ya lanƙwashe, a duba cikinsa ko akwai tsaga, a kankare tsohon fentin har sai an kai ga ƙarfe a duk inda ya ruɓe, a bi da sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan a yi firaima da launi da shafin ƙyalli, kowanne a bar shi ya bushe kafin a ɗora na gaba. Ya ce duk ya ji, har ya rantse mini cewa wannan shi ne aikinsa na kullum. Da magariba aka ba ni motar, wuri ya yi duhu, rim sai sheƙi suke yi. Wanki ɗaya aka yi mata fentin ya fara tashi sala-sala. Da na durƙusa da rana tsaka na duba da kyau, sai na ga feshin fenti a gefen taya, a kan notuna, a bakin da ake ba da iska, har a kan faifan burki. Ma'ana ko ƙafa ɗaya ba a kwance ba, a tsaye aka fesa mata fenti a kan datti da ruɓa.

Na isa garejin na tarar da shi zaune a kan benci yana danna waya. Na yi sallama, bai amsa ba. Na sake yi, sai ya ɗago kai rabi ya ce, “Baba, lafiya?” Na ce masa, “Malam, don Allah taso ka ga aikin da aka yi mini.” Bai motsa ba, sai ya tura wani yaro da bai wuce sa'an ɗana na biyu ba. Yaron ya sa farce ya ɓanɓaro fentin, ya juya yana murmushi ya ce, “Oga, ya ɗan tashi.” Daga inda yake zaune mai garejin ya ce, “To ai ruwa ya shiga da ita. Mu muka ce ya shiga ruwa?” Na ce masa a hankali, “Malam, damina ake yi, kuma a Legas muke. Ka yi mini alkawarin za a cire taya a kankare, ga shi ko noti ba a kwance ba.” A nan ne ya ajiye wayar, ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, “Baba, ka cika mita wallahi. Rim dai ƙasa yake bi, ba a ka ake ɗora shi ba. In aikin Turai kake so, ka sa ta a jirgin ruwa a Apapa ka kai ta Jamus.” Yaransa suka fashe da dariya. Na ce a mayar mini da kuɗina ko a sake aikin, ya ce kuɗi sun shiga fenti, kuma in ina son a sake sai na biya sabo. Daga nan ya ɗauki wayarsa ya ci gaba da abin da yake yi, ya bar ni tsaye da furfurata a tsakiyar gareji.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wannan mutum ɗan'uwana ne, harshe ɗaya muke yi, sahu ɗaya muke bi ranar Juma'a, kuma saboda wannan ne na wuce gareji da yawa na kawo masa aikina.

Daga can na kai motar wurin wani dattijo mai walda, wanda ya kwance ƙafar da ke rage iska, ya cire taya, ya kankare gefen ciki. A ƙarƙashin fila da sabon fenti sai ga siririyar tsaga. Wato wani ya miƙa hannu ya ji ta, ya cusa mata fila ya fesa fenti don kada a gani. Fila an yi ta ne don cike ƙwarzane marar zurfi a fuskar rim, ba ta riƙe nauyin mota, kuma rim da ya tsage sai dai ƙwararren mai waldar alminiyam ya duba ko zai gyaru, in ba haka ba a jefar da shi. Ni kuwa da wannan ƙafar nake hawa gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12 a kan ruwa, ɗauke da matan mutane da 'ya'yansu. Dattijon ya kuma gargaɗe ni cewa ba a yin fenti a mazaunin notuna da bayan rim inda yake haɗuwa da mota, domin fentin yakan murƙushe daga baya notuna su saki.

Shekara da shekaru muna cikin wannan hali, kuma laifin bai tsaya a kan mai gareji ɗaya ba. Ramukan da ke lanƙwasa mana rim a hanyoyin unguwanni ba mu muka haƙa su ba, kwatocin da suka toshe har ruwa ya rufe titi ya ɓoye ramin ba mu aka ba kwangilar yashe su ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta faɗi a watan da ya biyo baya, sayen rim ko da na hannu ne a kasuwar Ladipo ya zama sai mai hali, dole talaka ya koma ga gyara. To wa ke kula da masu gyaran? Duk wanda ya sayi injin feshi ya samu inuwar gada ya zama gwani, babu mai tambayarsa inda ya koya, babu mai duba ko ya san bambancin ɓarnar fenti da tsagar ƙarfe. Ana tare mu a hanya kullum ana neman takardar shaidar lafiyar mota, muna biya duk shekara, amma wanda ke ɓoye tsaga a ƙafar motar yana zaune lafiya a kan bencinsa. Akwai dokar tarayya ta 2018 da aka yi don kare haƙƙin mai saye, sai dai direban da ko rasit ba a ba shi ba, wanda in ya ajiye mota wuni ɗaya gidansa ba za a ɗora tukunya ba, ina zai samu sukunin bin ofisoshi? Gwamnatin da ta iya turo ma'aikata su karɓi haraji a kowane gareji na wannan birni tana da ikon tilasta wa masu garejin su riƙa ba da rasit, su kuma nuna shaidar koyon sana'a kafin su taɓa ƙafar motar da za ta ɗauki rayukan mutane.